Wanda Ya Taɓa Shiga Hannun Hukuma, Zai Iya Karatun Likita?



Duk shekara idan 'yan ajin ƙarshe suka fara haramar barin makaranta, hirar ɗakin kwana da ta teburin mai shayi ba ta wuce guda: daga nan sai ina? Wasu za su tafi aikin sanin makama na shekara ɗaya su dawo babbar difloma, wasu kuma idonsu na kan jami'a. A cikin 'yan sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje akwai da yawa waɗanda tun asali likita suka so karanta, makin JAMB ne ya kawo su nan, kuma har gobe ba su cire rai ba. To amma akwai tambayar da ba a yin ta cikin taro, sai dai a ja aboki gefe a raɗa masa: wanda ya taɓa kwana a caji ofis, ko ya tsaya gaban alƙali, ko ma ya yi zaman gidan yari, shin zai iya neman gurbin likitanci? In ya samu, za a bar shi ya yi aiki?

Tambayar ta fi shafar mu da muka fito daga gabashin Sakkwato, wato Wurno da Rabah da Goronyo da ƙauyuka irin su Lahodu. Kowa ya san halin da yankin ya shiga. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, aka hana sayar da fetur a jarka, sannan a watan Oktoba na shekarar aka kai mummunan hari kasuwar Goronyo. Inda tsaro ya taɓarɓare, kame yana yawa, kuma mai laifi da marar laifi duk sukan faɗa ciki. Ga kuma abubuwan yau da kullum: rikicin ranar zaɓe, faɗan gona, shan kodin da tiramol, sayen waya a kasuwa ashe ta sata ce, satar amsa a jarrabawa. Wannan yankin dai shi ne wanda mai naƙuda za ta taso daga ƙauye zuwa babban asibitin Wurno, in abin ya gagara a wuce da ita asibitin koyarwa na Sakkwato. Muna bukatar likitoci 'yan gida. Duk yaron da ya binne burinsa saboda jita-jita, asara ce gare mu duka.

Amsar a taƙaice ita ce: dokar da ke kula da aikin likita a Najeriya ba ta ce duk wanda aka taɓa yanke wa hukunci ya haramta har abada ba. Abin da ta yi shi ne ba hukuma ikon duba irin laifin da kuma halin mutum. Abin da ya fi kashe mutum a wannan tafiya abu biyu ne: rashin sanin ainihin abin da aka rubuta a kansa, da kuma ƙarya a cikin fom.

Fara da sanin matsayinka a takarda

A bakin mutanen gari, duk wanda motar 'yan sanda ta taɓa ɗauka “ɗan fursuna” ne. A doka ba haka ba ne. Akwai matsayi daban-daban, kuma kowane da nauyinsa.

Na farko, kamu da tsarewa. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Ko da mutum ya yi wata shida a gidan yari yana jiran shari'a, in ba a yanke masa hukunci ba, ba mai laifi ba ne. Wannan ba ƙaramin batu ba ne, don kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi.

Na biyu, sallama da wankewa. Kotu na iya sallamar mutum saboda mai gabatar da ƙara ya daina zuwa ko shaidu sun ɓace. Wannan sallama ce kawai, ana iya dawo da ƙarar wata rana. Wankewa kuwa ita ce a saurari shari'a a ce ba ka da laifi, kuma tsarin mulki ya hana a sake gurfanar da kai kan wannan laifin. A duka biyun babu hukunci a kanka, amma ka san wanne ne naka.

Na uku, hukunci. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Saurayi ya gaji da zaman sel, wani ya ce masa, “Kai dai amsa laifi, a ci ka tara ka tafi gida.” Ya amsa, 'yan uwa suka harhaɗa kuɗi suka biya, ya kwana a ɗakinsa. Shi a ganinsa magana ta mutu tunda bai shiga gidan yari ba. A rajistar kotu kuwa an rubuta cewa an same shi da laifi. Tara hukunci ce, bulala hukunci ce, aikin yi wa al'umma hidima da alƙali ya yanke hukunci ne, ko a kotun majistare ne ko a kotun shari'ar Musulunci.

Na huɗu, hukuncin da aka soke. Misalin wannan a gida muke da shi. Sir Ahmadu Bello haifaffen Rabah ne, ya zama hakimin Rabah a 1934, aka naɗa shi Sardauna a 1938, aka tura shi Gusau. A 1943 aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin shekara 1. Ya ɗaukaka ƙara, aka saurare ta a Zariya, aka soke hukuncin. A 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa, a 1962 aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunansa, wadda yau take yaye likitoci a Shika. Idan kotun sama ta soke hukunci, a idon doka kamar ba a taɓa yanke shi ba ne. Sai dai lokacin ɗaukaka ƙara ƙayyadadde ne. Wanda ya makara, lauya na iya roƙa masa ƙarin lokaci in akwai dalili mai ƙarfi.

Na biyar, laifin ƙuruciya. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta ɗauki wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Ta ce a ɓoye bayanan shari'arsa, kar a yi amfani da su a kansa in ya girma aka sake gurfanar da shi, kuma kotun yara ba ta ma amfani da kalmomin da ake yi wa manya na samu da laifi da yanke hukunci. Jihar Sakkwato ta yi tata dokar kare yara a 2021. Don haka wanda abin ya same shi yana yaro, ya bincika a wace kotu aka yi shari'ar, da wace doka.

Na shida, afuwa. Sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa ikon yafe laifin da ya saɓa wa dokar tarayya, sashe na 212 kuma ya ba gwamna irin wannan iko kan dokar jiha. Cif Obafemi Awolowo an ɗaure shi a 1963, Janar Gowon ya yi masa afuwa a 1966. Obasanjo an ɗaure shi a 1995, ya fito a 1998, aka yi masa afuwa, ya ci zaɓen 1999. Da Olu Falae ya ƙalubalanci zaɓen, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsaya kan cewa cikakkiyar afuwa tana ɗauke haramcin da hukunci ya jawo. Amma fa a kula: idan wani mai hali ya biya maka tara da azumi aka sake ka, ko aka rage maka wa'adi, wannan ba afuwa ba ce. Ka fito, amma hukuncin yana nan a rubuce.

Akwai kuma horon makaranta, wato dakatarwa ko kora. Wannan ba hukuncin kotu ba ne, amma wasu jami'o'i na tambayarsa daban. Satar amsa kam tana iya zama duka biyun, don dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta mai da ita laifin da ake ɗauri a kai.

“Ai Najeriya ce, wa zai bincika?”

Wannan ce maganar da ta fi yaudarar mutane. Gaskiya ne ajiye bayanai a ƙasar nan bai kai na Turai ba. Amma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi babbar rajistar masu laifi a hannun 'yan sanda, kuma wanda ya nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda sai an ɗauki zanen yatsunsa an gwada da abin da ke ajiye a ofishinsu na Alagbon a Legas. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, wadda ita ma tana haɗe da zanen yatsu. Ga rajistar masu laifin fyaɗe da aka ƙaddamar a 2019. Kullum bayanai ƙara haɗewa suke.

Ko a ce kwamfuta ta manta, ai mutane ba sa mantuwa. Littafin kotu yana nan, maƙwabta suna nan. Karatun likita shekara 6 ne, aikin kuma na tsawon rai. Takardar ƙorafi guda daga wanda kuka saɓa ta isa a buɗe fayil ɗinka, ko bayan shekara 15 ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Matakan da za ka bi, da abin da kowane ke dubawa

Mataki na farko, JAMB. Abin da hukumar ke dubawa shi ne takardunka da makinka. Likitanci na bukatar kiredit 5 a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kuma jami'o'i da yawa sun fi son a same su a zama ɗaya. A jarrabawar shiga jami'a kuma za ka rubuta Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji. Zaman gidan yari ba ya hana rubuta ta, don har fursunoni sun sha rubutawa a cikin gidan yarin Ikoyi. Ga mu 'yan difloma akwai abin lura: yawancin jami'o'i ba sa karɓar ƙaramar difloma don shiga aji biyu na likitanci kai tsaye. Abin da aka fi karɓa shi ne IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ko makamanciyarta, ko digirin farko a fannin kimiyya mai kyakkyawan sakamako. Sharuɗɗa kan sauya, don haka ka duba kundin JAMB na shekarar da za ka nema. Mafi yawanmu sake zama jarrabawar za mu yi.

Mataki na biyu, jami'a. Mafi kusa da mu ita ce Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, sai Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya. A wajen tantancewa ne maganar hali ke shigowa: takardar shaida daga sakandare, takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, a wasu wuraren har da wasiƙar wani babba da ya san ka. Wasu fom ɗin suna tambaya kai tsaye ko kotu ta taɓa samun ka da laifi, ko an taɓa korar ka daga wata makaranta. Kuma ƙa'ida ce a ko'ina cewa wanda ya ba da bayanin ƙarya za a iya janye gurbinsa a duk ajin da aka gano shi. Jami'a na da ikon janye digiri ma bayan ta bayar, don da ma shaidar ilimi da hali ce take bayarwa.

Mataki na uku, kuma mafi nauyi, hukumar likitoci, wato MDCN, wadda aka kafa a 1963. Ita ke yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, ita ke ba ɗalibi lambar shaida tun yana makaranta. In ka gama, ita za ta rantsar da kai ta ba ka rajistar wucin gadi, ka yi aikin sanin makama na wata 12 a asibiti, sannan ta ba ka cikakkiyar rajista. Dokarta ta sa kyawun hali cikin sharuɗɗan rajista. Hukumar na da kotun ladabtarwa, kuma dokar ta ambaci abubuwa uku da za su iya sa a hukunta likita: mummunar ɗabi'a a bakin aiki, hukuncin kotu kan laifin da kotun ladabtarwar ke ganin bai dace da matsayin likita ba, da kuma samun rajista ta hanyar yaudara. Hukuncin na iya zama gargaɗi, ko dakatarwa, ko soke suna, kuma likita na da damar kai ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Ɗan uwa, dubi na biyu da na uku da kyau. A na biyu, ana auna laifin ne, a ga ko ya dace ko bai dace ba, ka ga akwai wurin bayani da roƙo. A na uku kuwa babu awo. Wanda ya ɓoye tsohon laifi ya cike fom da ƙarya, ya ɗauki kansa daga inda ake sauraron uzuri ya kai inda ba a saurara.

Mataki na huɗu, aiki. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun ce ba a ɗaukar wanda aka taɓa samu da laifi sai da amincewar hukumar kula da ma'aikata tun kafin ɗauka. Wato ba haramci ba ne, neman izini ne. A ɗaya gefen kuma, dokar gidajen gyaran hali ta 2019, wadda ta sauya wa hukumar gidajen yari suna, ta zo da abu mai muhimmanci a sashe na 14: wanda ya nuna hali nagari a tsare ana iya ba shi takardar shaidar kyawun hali in zai fita, kuma dokar ta hana a nuna wa mai wannan takarda bambanci saboda zaman da ya yi.

Mataki na biyar, ƙasar waje. Wanda ke hangen karatu a Masar ko Indiya ko Turai, ya sani ƙasashe da yawa na neman takardar 'yan sanda kafin biza, kuma in ya dawo sai ya zauna jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci. A Ingila akwai dokar 1974 da ke ɗaukar ƙananan laifuka a matsayin sun shuɗe bayan wasu shekaru, amma an ware aikin likita daga cikin sassaucin. A Amurka fom ɗin neman makarantun likita yana tambayar laifuka kai tsaye. Ko maƙwabtanmu Nijar, takardar kotu mai nuna tarihin laifin mutum tana cikin abin da ake nema wajen shiga aikin gwamnati.

Wane laifi ya fi nauyi?

Ba don ƙeta ake tsananta wa masu neman likitanci ba. Likita yana shiga inda ko ɗan uwa na jini ba ya shiga. Yana duba mace a ɗakin da babu kowa, yana riƙe jariri, yana tsaye a kan wanda aka sa wa allurar barci. Sa hannunsa ke fitar da magunguna masu sa maye daga ma'ajiya. Rahotonsa ke sa a ɗaure mutum ko a sake shi, a biya diyya ko a hana. Daga nan za ka gane da kanka irin laifukan da suka fi tayar da hankali.

Laifin fyaɗe da cin zarafin yara shi ne a sama, kuma gaskiyar magana da wuya a samu hukumar da za ta ɗauki kasadar. Sai kisa da mummunan rauni. Sai zamba, jabun takardu da damfarar intanet, don aikin gaba ɗaya a kan amana yake. Sai fataucin ƙwaya, wanda ya fi shan ta nauyi nesa ba kusa ba, don wanda ya sha ya daina yana iya kawo shaidar magani da gwaji. A ƙasa kuma akwai irin faɗan matasa da ba a yi rauni ba, da laifin hanya, da karya dokar hana fita.

Bayan irin laifin, mai tantancewa yakan duba shekarunka lokacin da abin ya faru, sau ɗaya ne ko ya zama ɗabi'a, shekara nawa ke nan, me ka yi da rayuwarka tun daga lokacin, sannan kai ka faɗa da bakinka ko tono ka aka yi.

Misalai biyu daga waje za su nuna yadda abin ke tafiya. A Ingila, wani matashi ɗan garin Bradford an same shi da laifin fasa gida a 2005, yana ɗan sakandare. Ya gyara hali, ya ci jarrabawa da maki mafi girma, ya yi aikin sa-kai a wuraren kula da marasa lafiya. Kwalejin Imperial ta Landan ta ba shi gurbin likitanci. Da ya sanar da su tsohon laifinsa, suka janye. Bai haƙura ba, kuma a 2008 Jami'ar Manchester ta zauna da shi, ta auna, ta ba shi gurbi. Gaskiya ta jawo masa jinkiri, amma ya shiga ba tare da fargabar tonon asiri ba.

A Suwidin kuwa, wani da aka ɗaure kan kisan da aka yi a 1999 ya fito, ya samu gurbi a 2007 a Cibiyar Karolinska, wadda ke zaɓen gwarzon kyautar Nobel ta fannin likitanci. Da labari ya fasu aka yi ta muhawara ko ya dace a bar shi. A ƙarshe aka sallame shi a farkon 2008, kuma dalilin da aka kafa hujja da shi shi ne an gano an taɓa takardar sakamakonsa ta sakandare. Laifi mai girma irin wannan ya bar mahukunta suna ja-in-ja, jabun takarda kuwa nan take ya yanke magana.

To, me za ka yi?

Da farko je kotun da aka yi shari'ar ka nemi kwafin hukunci mai hatimi. Haƙƙinka ne, tsarin mulki ya ba wanda aka yi wa shari'a damar samun kwafi cikin kwana 7 da kammalawa. Kar ka dogara da abin da kawu ya ce alƙali ya ce. Mutane da yawa suna yawo da kunyar hukuncin da ba a taɓa yanke musu ba, wasu kuma suna zaton sun tsira alhali tarar da suka biya tana rubuce.

Na biyu, kai takardar wurin lauya. Wanda ba shi da hali, akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976 don marasa ƙarfi. Lauya ne zai gaya maka ko akwai hanyar ɗaukaka ƙara, ko neman afuwa ta ma'aikatar shari'a ta jiha, da yadda za ka amsa tambayar fom daidai.

Na uku, karanta tambaya da kyau ka amsa abin da aka tambaya. “An taɓa samun ka da laifi?” daban yake da “An taɓa kama ka?” Wanda aka tsare aka sake ba tare da hukunci ba, amsarsa ga ta farko a'a ce, kuma bai yi ƙarya ba. Wanda aka ci tara, amsarsa e ce. Wanda aka yi wa afuwa, ya faɗa, ya haɗa da takardar afuwar.

Na huɗu, shirya bayani gajere tun kafin a nema. Me ya faru, yaushe, wane hukunci, me ka yi tun daga nan. Ban da ɗora wa abokai laifi, ban da zagin 'yan sanda, ban da dogon labari. Mai tantancewa yana so ya ga ka gane girman abin.

Na biyar, tara shaida. Diflomar da kake yi yanzu babbar shaida ce: shekara biyu a makaranta ba tare da an kai ka gaban kwamitin ladabtarwa ba, ga sakamako mai kyau. Nemi wasiƙa daga shugaban sashenka, da wanda ya kula da kai a wurin sanin makamar aiki, da liman ko hakimin garinku. Amma ka gaya musu gaskiya kafin su sa hannu. Wasiƙar wanda ya san abin da ya faru kuma ya tsaya maka ta fi wasiƙa goma na waɗanda ba su sani ba.

Na shida, tambaya tun da wuri, a rubuce. In laifin mai nauyi ne, rubuta wa magatakardan jami'a da hukumar likitoci kafin ka zuba shekaru da dukiyar iyaye. Yi lissafi: mai shekara 22 yau, in ya shiga baɗi, karatu shekara 6, sanin makama shekara 1, hidimar ƙasa shekara 1, ya haura 30 ke nan ko da ba a yi yajin aiki ba. Gara ka ji amsa mai ɗaci yanzu da ka ji ta ranar rantsuwa.

Na bakwai, kar ka sauya suna ko ranar haihuwa don gudun tarihi. Rantsuwar ƙarya a kotu sabon laifi ce, kuma ta fi tsohon kusa.

Wanda ya ga likitanci ya yi nisa, fannin lafiya na da faɗi: kimiyyar gwajin asibiti, jinya, haɗa magunguna, lafiyar al'umma. Akwai kwalejin fasahar lafiya a Gwadabawa da kwalejin jinya a cikin Sakkwato. Sai dai kar a ɗauka can babu tantancewa, kowane fanni da hukumarsa mai ba da lasisi, kuma duk suna duba hali.

Haƙƙi biyu

A wannan magana haƙƙi biyu ne ke fuskantar juna. Tsohuwar da aka kwantar a asibitin Goronyo ba ta da ikon binciken wanda zai duba ta, hukuma ce idonta, kuma tana da haƙƙin a tsananta bincike a madadinta. Saurayin da ya yi kuskure yana shekara 17, ya biya abin da doka ta yanke, ya gyara, shi ma yana da haƙƙin a dube shi yadda yake yau. Gaskiyar mai nema ce kaɗai ke ba da damar a kare duka biyun, don sai an san abu ake iya auna shi.

Mu kuma sauran ɗalibai muna da namu nauyin. Yawancin masu irin wannan tarihi ba hukuma ce ke tsayar da su ba, gori ne. Tun kafin su sayi fom an riga an ce musu kar su ɓata kuɗinsu. In ka san wani a ajinku ko a garinku, kar ka yanke masa hukuncin da alƙali bai yanke ba. Nuna masa hanyar kotu ya karɓo takardarsa, ka raka shi wurin lauya in da hali. Wurno garin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, wanda ya yi rubuce-rubuce kan ilimin magani, kuma can ya rasu a 1837. Bai kamata a ce yankin da ke da wannan gado yana rasa likitoci saboda tsoro da rashin sani ba.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawar ƙarshe, Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu, amin.